In famfon ruwan zafi ya fara tari: yadda ake gane iska a tiyo da yadda ake fitar da ita

Duk shekara idan watan Disamba ya kama, hazo ya sauko ya rufe hanyar Ɗan Isa da ta Ƙonni, babu abin da ke ƙara daraja a gidajenmu kamar ruwan zafi. A Maraɗi da Damagaram da Tawa, sanyin asuba kan sauka ƙasa da digiri 15, kuma duk wanda ya taɓa yin alwala da ruwan randa a irin wannan lokaci ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. A da can tukunya da itace su ne maganin abin, musamman a gidan da ake wankan jego, inda ake hura wuta safe da yamma har kwana 40. To amma itace ya yi tsada, daji kuma ya yi nisa, shi ya sa a shekarun nan hita mai aiki da kuran, wadda wasu ke kira shofo, da na'urar dumama ruwa da hasken rana suka fara shiga gidajen ƴan kasuwa, da masaukan baƙi, da gidajen wanka na bakin tasha.

Sai dai kowane sabon abu da irin tasa rigimar. Mutum zai buɗe famfon ruwan zafi da asuba, maimakon ruwa ya zubo sai famfon ya yi tari, ya yi tofi, ya fesa masa ruwa a riga, tiyo ya kama rawa a jikin bango. Wani lokaci ma ruwan zafin ya tsaya cak, alhali na sanyi yana zuba lafiya lau. Cikin dare kuma a riƙa jin ƙwanƙwasa da gurnani cikin gini, har yara su fara cewa gidan yana da iska. Gaskiyarsu, iska ce, amma irin wadda muke shaƙa, don haka ba sai an kira mai garaya ba.

Wannan magana ta shafi ƴan kasuwarmu ta fuska biyu. Da yawa daga cikinsu su ne masu gidajen da aka sa waɗannan na'urori, wasu kuma su ne ke sayar da su, suna ɗauko su daga Kano ko Katsina ko Kwatano. Idan hita ta ƙi ba da ruwa, ba a neman mai gyaran da ya ɗaura ta, shagon da aka saye ta ake komawa, a ce wa Alhaji ya sayar da jabu. Ta haka ake ɓata cinikin shekara da shekaru a kan matsalar da sau da yawa ba ta wuce aikin rabin awa ba. Shi ya sa muka ga ya dace mu zauna mu warware zancen dalla-dalla kafin sanyi ya kankama.

Ta ina iskar take shiga?

Hanya ta farko, kuma wadda ta fi yawa a garuruwanmu, ita ce ɗaukewar ruwa. Idan ruwan gari ya ɗauke, tiyo ba ya zama haka kawai babu kome a cikinsa, iska ce ke maye gurbin ruwan da ya zurare. Ran da ruwa ya dawo sai ya turo wannan iska a gabansa har cikin gidaje. Mutanen Damagaram sun fi kowa sanin haka, domin garin yana zaune ne a kan dutse, ruwan da ake sha kuma daga nesa ake turo shi, daga wurare irin su Gogo Macaya da Arunguza, ana ba unguwanni bi da bi. Haka kuma ruwa da wuta tare suke tafiya, tunda da kuran ake tura ruwa zuwa shato. Mun ga haka a watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, alhali a lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar daga can take zuwa, ciki har da layin Katsina zuwa Gazawa da ke ciyar da Maraɗi da Damagaram. Sai a watan Maris na 2024 aka maido da ita. Duk gidan da ruwa ke zuwa yana ɗaukewa, to tiyonsa ba ya rabuwa da iska.

Hanya ta biyu ita ce tankin saman gida. Idan aka bar shi ya ƙafe har bakin tiyon da ke saukar da ruwa ya fito fili, iska za ta bi ta wannan baki ta shiga. Ko an sake cika tankin fal, wadda ta riga ta shiga tana nan a ciki.

Hanya ta uku ita ce injin rijiya. A watannin Maris zuwa Mayu ruwan ƙasa yana ja da baya, injin ya riƙa zuƙo ruwa haɗe da iska. Haka nan in akwai ƴar ɓula a tiyon zuƙowa, ko murfin gindin tiyo da ke hana ruwa komawa rijiya ya saki. Injin da ke zaune a bakin rijiya ba ya iya zuƙo ruwan da ya wuce zurfin mita 7 zuwa 8, in ruwan ya sauka ƙasa da haka iska kawai zai riƙa sha.

Hanya ta huɗu kuwa tana cikin ruwan kansa, kuma ita ce dalilin da ya sa famfon zafi ya fi na sanyi tari. Ruwan sanyi yana ɗauke da iska narkakkiya a jikinsa, kimanin lita 2 a cikin kowace lita 100. Da zarar an dumama shi ba ya iya riƙe ta duka, in ya kai digiri 60 kusan rabinta yake saki. Duk macen da ta ɗora tukunya ta ga ƙananan kumfa suna manne wa jikin tukunyar tun kafin ruwa ya tafasa, to wannan iskar ce take fita. A cikin hita babu inda za ta je, sai ta taru a sama, ta jira a buɗe famfo. Saboda haka ɗan tari kaɗan da safe, wanda ke wucewa nan take, ba ciwo ba ne.

Yadda iska ke tsare ruwa

Mai karatu zai iya tambaya, yaya iska da ba ta da nauyi za ta hana ruwa wucewa? Amsar tana ga tsawon da tanki yake a sama. Ƙarfin ruwan da ke saukowa daga tanki ya dogara ne ga tsayinsa, girman tankin ba ya ƙara masa kome. Sai an ɗaga ruwa mita 10 kafin a samu ƙarfin da masu sana'a ke kira bar 1. Yawancin tankunan gidajenmu ba su wuce mita 3 ko 4 a saman famfo ba, wato ƙarfinsu bai kai rabin bar ba. In famfon na shawa ne da ke sama da kan mutum, abin da ya rage ya ƙara ƙanƙancewa.

To ita iska kullum sama take nema. Idan mai gyara ya ja tiyo ya hau da shi kan katanga ko saman ƙofa sannan ya sauko da shi, wannan ƙusumbi ya zama ɗakin iska. Tana taruwa a wurin, ruwan tanki kuma ba shi da ƙarfin da zai tura ta ƙasa ta fita. Sai ruwa ya riƙa zuwa kamar zare, ko ya tsaya baki ɗaya. Layin ruwan zafi ya fi faɗawa wannan tarko domin hanyarsa ta fi tsawo da lanƙwasa: daga tanki zuwa hita, daga hita zuwa banɗaki, ga kuma iskar da zafi ke saki kullum tana ƙaruwa a kan wadda ke nan.

A gane ciwo kafin a nemi magani

Kafin a kwance ko da ƙusa ɗaya, mai gida zai iya gane inda matsalar take da idonsa da kunnensa. Idan famfon zafi da na sanyi duka suna tari, iskar daga waje take zuwa, wato daga ruwan gari ko tanki ko injin rijiya, hita ba ta da laifi. Idan na zafi kaɗai ne a duk gidan, a duba hita da tiyon da ke shiga cikinta da wanda ke fita. Idan kuwa famfo ɗaya tak ne ke ba da wahala, sau da yawa ƴar rariyar bakinsa ce ta toshe da yashi, a kwance ta a wanke, shi ke nan.

Wani lokaci ruwa kan fito fari kamar an zuba masa madara, mutane su tsorata. A tara shi a kofin gilashi a ajiye minti 2. In ya fara washewa daga ƙasa zuwa sama, ƙananan kumfan iska ne, babu illa. In kuwa wani abu ya kwanta a gindin kofin, to laka ce ko farar ƙasa, wannan kuma wani zance ne daban.

Akwai ƙarar da ake ɗora wa iska alhali ba ita ba ce. Idan aka rufe famfo da sauri aka ji bugu ɗaya mai ƙarfi kamar an doki tiyo da guduma, ruwa ne da ke gudu aka tare shi farat ɗaya. Maganinsa a riƙa rufe famfo sannu a hankali, a kuma ɗaure tiyo da kyau a jikin bango. Idan kuma hita tana ƙara kamar ana soya gyaɗa a duk lokacin da take dumama ruwa, farar ƙasa ce ta daskare a kan ƙarfen dumamawa, tana bukatar a buɗe ta a wanke.

Yadda ake fitar da ita

Mataki na farko, wanda ba a tsallake shi ko ana sauri, shi ne a kashe wutar hita daga makunninta. Dalili kuwa, ƙarfen da ke dumama ruwan an yi shi ne ya zauna cikin ruwa. In kuran ta same shi a bushe, cikin ɗan ƙanƙanen lokaci yake ƙonewa. Wasu daga cikin hitocin da ake mayar wa ƴan kasuwa a ce sun mutu tun suna sababbi, abin da ya kashe su ke nan, an kunna su kafin su cika.

Bayan an kashe wuta sai a tabbatar tanki yana da ruwa, kuma makullin da ke ba hita ruwa a buɗe yake. Sannan a buɗe famfunan gidan duka, na zafi da na sanyi, rabi-rabi, a bar su suna zuba cikin bokitai don kada a yi asarar ruwan. Za a ji tari da huci na ɗan lokaci. Famfon da ya fi kowane ƙasa shi ake fara rufewa idan ruwansa ya daidaita, a bi su ɗaya bayan ɗaya, wanda ya fi tsayi ko ya fi nisa shi ne na ƙarshe, tunda can iska ke gudu. Minti 10 zuwa 15 kan isa. Sai an ga famfon zafi yana zuba sumul babu yankewa sannan a mayar da wuta. A kuma yi haƙuri da ita: hita mai lita 100 da ƙarfin wat 1500 tana bukatar kimanin awa 3 kafin ta kai ruwa daga digiri 20 zuwa 60.

Idan an yi haka ruwan zafi bai zo ba, to iskar ta kafe a ƙusumbin tiyo, sai an tura ta da ƙarfin da ya fi na tanki. Masu gyara suna da dabarar da suka daɗe suna yi. Ana samun guntun tiyon roba, a haɗa bakin famfon da ke samun ruwan gari kai tsaye da bakin famfon zafin da ya ƙi zuba, a ɗaure kowane gefe tamau. A fara buɗe na zafi, sannan a buɗe na ruwan gari, a bar su minti 2 ko 3. Ruwan gari zai bi layin zafi ta baya ya kora iskar zuwa sama, wanda ya tsaya kusa da tanki zai ji tana ɓulɓulowa. Daga nan a fara rufe na ruwan gari, a rufe na zafi, a cire tiyon a gwada. In bai yi ba a maimaita sau biyu ko uku.

Amma a lura da sharuɗɗan wannan dabara. Tana aiki ne kawai a gidan da ruwan zafinsa daga buɗaɗɗen tanki yake saukowa. In akwai bawul mai hana ruwa komawa baya a bakin hita, kamar yadda ake samu a hitocin da ke haɗe da ruwan gari, ruwan ba zai wuce ba, kuma bai kamata a cire bawul ɗin don a gwada ba. Tiyon robar ya zama mai tsabta, kada a ɗauko wanda ake ban ruwan lambu ko wanke mota da shi. A kuma sa yaro ya tsaya ya duba kada tanki ya cika ya malala a kan rufi.

Idan iska tana dawowa bayan kowane mako, korar ta ba za ta yi magani ba, tsarin tiyon ne ke da gyara. A sa mai gyara ya bi layin ya nemo ƙusumbin, ya miƙar da shi, ko ya sa tiyon numfashi ko ɗan bawul mai fitar da iska da kansa a wurin da ya fi tsayi. In da hali a ƙara wa tanki tsawo, a kuma gyara ƙwallon da ke tsayar da ruwa domin kada tankin ya riƙa ƙafewa ba a sani ba. Tun ran gini ran zane, wanda ke gina sabon gida ya tsaya a kan mai aikinsa tun kafin a rufe tiyo da siminti.

Inda abin ke zama hatsari

Yawancin abin da muka lissafa wahala ce kawai da ɓata lokaci. Amma akwai wurare huɗu da rai ke ciki, kuma muna roƙon masu karatu su karanta wa iyalansu wannan sashe.

Na ɗaya ya shafi fatake kai tsaye. A cikin yawancin hitoci akwai wata sanda ta ƙarfen magnesiyam da aka sa domin ta riƙa cinyewa a madadin jikin tankin, ta hana shi tsatsa. Wannan sanda tana sakin iskar haidurojin kaɗan-kaɗan, ita kuwa haidurojin tana kama wuta. Kamfanonin da ke ƙera hita suna gargaɗin cewa in an bar ta mako 2 ko fiye ba a taɓa ruwan zafi ba, iskar na iya taruwa. Don haka wanda ya dawo daga Kwatano ko Lome ko aikin hajji ya tarar da ɗakinsa a rufe, ya buɗe taga, ya buɗe famfon zafi ya bar shi ya zuba na wasu mintoci, babu taba a baki, babu ashana, babu kaskon turaren wuta a kusa.

Na biyu shi ne tururi. In famfon zafi yana feso tururi da ruwa mai ƙuna fiye da yadda aka saba, ba iska ba ce, na'urar da ke ƙayyade zafi ce ta lalace, ruwa yana tafasa a cikin rufaffen ƙarfe. A kashe wuta nan take, a janye yara, a kira mai gyara. A nan ne bawul na tsaro yake da rana. Irin wanda ake sa wa hitocin tsarin Faransa yana buɗewa ne in matsi ya kai bar 7. Ruwa yana kumbura idan ya yi zafi, shi ya sa hita mai lita 100 kan ɗigar da lita 2 zuwa 3 ta wannan bawul a lokacin dumamawa, kuma aikinsa ke nan. Wasu suna ganin ɗigon sai su toshe bakin da ƙusa ko su ɗaure shi da roba don kada ya jiƙa bango. Wanda ya yi haka ya rufe wa tukunya hanyar numfashi, kuma hita tana iya fashewa ta rushe ɗaki. A sa masa ɗan tiyo ya kai ɗigon magudana, a kuma riƙa murɗa shi sau ɗaya a wata don kada ya daskare.

Na uku ita ce wutar kanta. Kuran mai ƙarfin bolt 220 da jiƙaƙƙen mutum a banɗaki ba sa shiri. Kowace hita tana bukatar wayar ƙasa ta gaskiya da na'urar katse wuta mai saurin ji, irin ta miliamfa 30. In aka taɓa famfo aka ji yana ɗan ja, kada wanda ya sake shiga wanka sai an gyara.

Na huɗu shi ne lafiyar ruwan. Lokacin da tiyon gari ya zama babu ruwa, yakan zuƙo ƙazanta ta duk inda ya tsage, musamman inda ya ratsa kwata. Ruwan farko da ke biyo iska bayan ɗaukewa bai kamata a sha ba, a tara shi a yi wanki ko shara da shi har sai ya washe. Sannan kada a rage zafin hita ƙwarai don tsimin kuɗin wuta. Akwai ƙwayar cuta mai suna Lejiyonela, wadda aka gano bayan ɓarkewar ciwon huhu a birnin Filadalfiya na Amurka a 1976, tana yaɗuwa a ruwa mai ɗumi tsakanin digiri 20 da 45, tana kuma shiga jiki ta feshin da ake shaƙa wajen wanka. Ajiye ruwa a digiri 60 yana kashe ta. Sai dai ruwan digiri 60 yana ƙona fatar yaro cikin daƙiƙoƙi kaɗan, saboda haka a riƙa fara zuba na sanyi a bokiti kafin a sirka da na zafi.

Na'urar hasken rana

Dumama ruwa da rana ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Farfesa Abdu Mumuni, wanda aka haifa a Tasawa a 1929 ya rasu a 1991, kuma jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci ofishin makamashin rana na ONERSOL, inda aka ƙera irin waɗannan na'urori a Yamai tun a shekarun 1970. Waɗanda ke cika kasuwanninmu a yau yawancinsu daga Sin ake kawo su, masu jerin kwalaben gilashi da tanki kwance a samansu.

Ita wannan na'ura ba ta da inji. Ruwan da ya yi zafi shi ke hawa sama da kansa, mai sanyi ya sauko ya maye gurbinsa. Wannan zagaye ba shi da ƙarfi sosai, iska kaɗan ta isa ta tsayar da shi, musamman a irin masu faranti da tiyo ke haɗa su da tanki. In rana ta take amma ruwa ya ƙi zafi, a fara zargin iska ko tiyon da ya lotsa. Irin marasa matsi suna da tiyon numfashi a saman tankinsu, wanda dole ne ya wuce tsayin ruwan babban tanki, kuma ba a toshe shi ko da yana zubar da ruwa. Zanzaro ma kan gina ɗaki a bakinsa, a riƙa dubawa. Abu na ƙarshe, in na'urar ta ƙafe ta sha ranar Afrilu babu ruwa, kada a sake mata ruwan sanyi da tsakar rana, gilashin zai tsage. A jira dare ko sanyin asuba.

Shawara ga masu shago

Ƴan uwa masu sayar da kayan famfo a Ƙonni da Illela, da Ɗan Isa da Jibiya, da Gaya da Kamba, da Magariya da Maigatari, rabin wannan rigima a kan kantarku ake iya kashe ta. Kafin mutum ya biya kuɗi a tambaye shi: ruwan gidanka daga tanki yake ko daga ruwan gari, kuma tankin mita nawa ne a sama? Wanda tankinsa ke ƙasa-ƙasa a gaya masa gaskiya cewa sai ya ɗaga shi ko ya sa ɗan injin ƙara ƙarfi. A sayar masa da bawul na tsaro tare da hitar, kada a raba su don a rage farashi. A kuma maimaita masa a gaban mai gyaransa cewa ba a kunna wuta sai ruwa ya fito ta famfon zafi.

Akwai kuma batun awo, wanda ke rikita mutane a bakin iyaka. Abin da ake kira rabin inci a Najeriya shi ne 15/21 a lissafin Faransa, inci uku bisa huɗu kuma shi ne 20/27. Wanda ya san haka ba zai bar mai saye ya tafi da kayan da ba su dace da juna ba, a je a cusa su da tsumma da gam, su riƙa yoyo suna shan iska. Tiyon roba na PVC da ake jan ruwan sanyi da shi ba ya jure zafin da ya haura digiri 60, yana laushi ya lotsa, ya haifar da ƙusumbin da muka yi magana a kai. Layin zafi na PPR ne ko jan ƙarfe. Araha ba ta ado, kuma ɗan kasuwan da ya faɗi gaskiya ya rasa ribar yini ɗaya shi ne wanda za a dawo wurinsa baɗi.

Daga ƙarshe muna kira ga kamfanin ruwa na NDE, wanda ya karɓi aikin raba ruwa a birane daga hannun SEEN a farkon 2024, da ya riƙa sanar da jama'a ta gidajen rediyo lokacin ɗauke ruwa da lokacin dawo da shi, domin masu gidaje su kashe hita su rufe famfo a kan kari. Muna kuma kira ga cibiyoyin koyar da sana'a da ƙungiyoyin ƴan kasuwa da su haɗa kai su horar da samarin da ke aikin famfo, tunda yawancinsu a hannu suka koya, ba su taɓa samun wanda ya zaunar da su ya yi musu bayanin bawul na tsaro ba. Mu kuma masu gidaje, tun yanzu kafin sanyi ya yi ƙarfi, kowa ya hau ya duba tankinsa, ya murɗa bawul ɗinsa, ya buɗe famfunansa ya saurara. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba mu hunturu lafiya, ya sa albarka a kasuwa.